Gidan Innocenti na Florence

Gidan Innocenti tsohon gini ne a dandalin Santissima Annunziata da ke birnin Florence a ƙasar Italiya. An gina shi domin renon jariran da aka yar, kuma yana cikin gidajen farko a Turai da aka keɓe wa wannan aiki kaɗai.

Tarihi

Wani attajirin garin Prato, Francesco Datini, wanda ya rasu a 1410, ya bar wasiyyar tsabar zinariya 1,000 domin kafa gidan. Ƙungiyar masu sana'ar alharini ta birnin Florence ce ta ɗauki nauyinsa, ta damƙa aikin a hannun magini Filippo Brunelleschi a 1419. Wajen 1427 ya bar aikin, wasu suka ƙarasa. Ranar 5 ga Fabrairu 1445 aka karɓi jaririya ta farko, aka raɗa mata suna Agata Smeralda.

Barandar gaban gidan mai bakuna tara ta yi suna a tarihin gine-ginen Turai. Siffofin jarirai cikin zanen goyo da ke samanta aikin Andrea della Robbia ne, an kafa su wajen 1487.

Karɓar jarirai

Da farko a cikin wani kwarmin dutse ake ajiye jariri. Daga baya aka yi taga mai sandunan ƙarfe wadda sabuwar haihuwa ce kaɗai za ta iya shiga, uwa ta miƙa ɗanta ba wanda ya ga fuskarta. Da yawansu talauci ne ya kai su ga haka, shi ya sa sukan ɗaura wa jariri rabin kwabo ko ƙyalle, su riƙe ɗaya rabin, da fatan su dawo su gane shi. Har yau ana adana waɗannan alamu.

Akan tura jariran ƙauye wurin mata masu shayarwa da ake biya. Mace-mace sun yi yawa, musamman a shekarun yunwa da annoba. Mazan da suka rayu a koya musu sana'a, matan kuwa a yi musu kayan ɗaki a aurar, ko su shiga gidan ibada, ko su zauna suna yi wa gidan hidima. Yawancinsu sunan gidan suka ɗauka a matsayin sunan dangi.

An rufe tagar a 1875.

A yau

Ginin na ɗauke da gidan tarihi da wuraren kula da yara. A 1988 asusun UNICEF ya buɗe cibiyar bincike a cikinsa.