Lambun tsakar gida a Damagaram

Lambun tsakar gida ɗan fili ne da ake keɓewa a cikin gida ko a bayan ɗaki, ana shuka kayan miya da ganyaye da ƴan itatuwa domin amfanin iyali ko domin sha'awa. Ya bambanta da garka, wadda ake yi a fadama ko bakin tafki don kai kaya kasuwa. A birnin Zinder, girman lambun gida ya danganta da ruwan da gidan zai iya ragewa kowace rana, wurin da za a sa shi kuma ya danganta da katanga, domin tsofaffin gidajen unguwannin Birni da Zango da yawa na ƙasa ne, ginin ƙasa kuwa ba ya shiri da laima.

Yanayi da ruwan gari

Zinder tana zaune a kan dutse. Manyan duwatsun da ake gani a unguwar Birni ƙoƙon kan wanda ke shimfiɗe ƙarƙashin garin ne, shi ya sa rijiyar cikin gari ba ta ba da ruwa mai yawa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake kawowa na mayar da hedkwatar mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ruwan famfo daga bayan gari ake turo shi, daga wurare irin su Gogo-Machaya da Arunguza, kuma idan bazara ta tsananta unguwanni da dama sai sun nemi ƴan garuwa. Ruwan sama na shekara yana kamawa wajen milimita 400, wata shekara ya haura, wata ya gaza, mafi yawansa a Yuli da Agusta.

Masu garka a Mirya, kimanin kilomita 18 daga birni, da na Gidimuni da Matamai, ruwa na kusa da su, suna iya malala shi cikin fangali. Mai lambun gida idan ya kwaikwaye su, kuɗin ruwa zai fi kuɗin tumatirin da zai ci.

Shekarar lambu kashi uku ce. Daga Oktoba zuwa Fabrairu ake yin tumatir, salati, shu (kabeji), karoti da albasa. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, sai a rage fangali, a bar zogale, alayyahu da na'ana'a a inuwa. Da damina kuɓewa, rama, lalo, yakuwa da kabewa kusan da kansu suke yi.

Wurin fangali da lafiyar katanga

Kayan lambu na son rana ta awa biyar zuwa shida, musamman ta safe. Fangalin da katanga ta tsare masa yamma yana samun hantsi, ya tsira daga ranar la'asar. Katangar arewa ko ta gabas tana karya iskar hunturu. Gindin katangar kudu shi ne mafi muni ga noman ɗari, saboda a watannin sanyi rana na karkata kudu, inuwar katangar ta kwanta a kan shukar kusan yini guda.

Tsakanin fangali da katangar ƙasa a bar aƙalla mita ɗaya da rabi. Ruwan da ake zubawa kullum yana bin ƙasa ya hau gindin gini, ya bushe a fuskar katanga, ya bar gishirin da ya ɗauko. Gishirin ne ke cin yaɓe. Alamar farko layi ne mai duhu kamar kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa, sai farin ɓurɓushi, daga nan ƙasar ta fara zuba idan an shafa ta da hannu. Katangar bulo ma ba ta tsira ba, filastarta kan kumbura ta ɓantare.

Gyaran gindin da ya zaizaye ana yinsa da rani. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har a tarar da mai ƙwari, a yayyafa ruwa kaɗan, a yaɓa ƙasar gini da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa ko kashin jaki aka bar ta ta kwana uku ko huɗu. Kowane shafi kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, kuma a bari ya sha iska kafin a ɗora wani. Yaɓe mai kauri da aka yi lokaci guda tsagewa yake yi. Masu hali suna ƙarasawa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana sa ruwa ya zame. Shafa siminti a kan katangar ƙasa mai laima gyara ne na ganin ido: yana kulle danshin a ciki, ƙasar ta ci gaba da ruɓewa a bayansa, wata rana ya faɗo falle guda.

Ganyen da ake ci ɗanye, kamar salati, a nisanta shi da masai da kwatar wanka.

Haɗa ƙasa da taki

A ƙasar rairayi fangali nutsattse ake yi: faɗi mita 1, tsawo mita 2 ko 3, da ƴar kunya kewaye mai tsayin santimita 10 don tare ruwa. Faɗin mita ɗaya domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A haƙe zurfin santimita 30, a fid da tsakuwa da leda da ɓaraguzan gini, a cuɗa kilo 3 zuwa 4 na ruɓaɓɓen taki a kowane murabba'in mita. A yi mako guda ana jiƙa shi kafin shuka, ciyawar da ke cikin takin ta tsiro a cire ta.

Inda dutse ke kusa da sama, ko tsakar gidan daɓen siminti ne, ana shuka cikin tsohuwar taya, buhun shinkafa ko rabin bido (jarkar ruwa) da aka huda wa gindi. Haɗin shi ne kashi biyu ƙasar jigawa, kashi ɗaya lakar bakin tafki, kashi ɗaya taki. Salati ya wadatu da zurfin santimita 20. Tumatir guda na bukatar mazubi mai cin lita 15 zuwa 20.

Gidan da ke kiwon tumaki ko awaki a turke ba ya sayen taki, sai dai ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara, yana sa karoti ya yi rassa. Ana ruɓar da shi a rami mai faɗin mita 1 da zurfin rabin mita: shimfiɗar yankakken kara da ganye santimita 15, taki santimita 5, barbaɗen toka, a jiƙa, a maimaita har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Duk mako biyu a juya. A soka sanda a tsakiya a zare ta bayan kwana uku: idan da ɗumi aiki na tafiya, idan ta fito a bushe da sanyi ruwa ya gaza, idan wari ke tashi ruwa ya yi yawa. Cikin wata biyu zuwa uku takin zai yi baƙi ya riƙa marmashewa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, rabin awon ya isa. Toka kuma kada a cika ta. Idan ta yi yawa sabon ganye na fitowa rawaya da koren jijiya, abin da aka fi gani a lemun tsami.

Ban ruwa

Da ɗari murabba'in mita ɗaya na shan kimanin lita 5 zuwa 6 a rana, da bazara lita 8 zuwa 10. Ke nan fangali mai mita 1 da 3 yana cin lita 15 zuwa 18 a Disamba, a Afrilu kuma bido mai lita 25 ba lallai ya ishe shi ba. Fangali uku bido biyu ne kullum da sanyi, uku zuwa huɗu da zafi. Wannan lissafin ya kamata a yi kafin a sayi iri, domin lambun da aka faro da faɗi a Oktoba shi ne ake bari ya ƙone a Maris.

Rufe ƙasa da ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi ko busasshen ganye mai kaurin santimita 5 yana rage ƙafewar ruwa sosai. Kada ya taɓa karan shukar, kuma kada a tara shi kusa da ɗaki mai azara, saboda gara.

Dabarar da ta fi dacewa da garin ita ce binne tulu. A samo sabon tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya, a dasa tumatir ko tonka huɗu kewaye da shi, kowane da tazarar kamu ɗaya daga jikinsa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasa, saiwa kuma ta zo ta lulluɓe shi. Ana cika shi duk kwana biyu ko uku, a rufe bakin da tsohon faranti don sauro. Idan tsattsafin ya ragu, gishiri ne ya toshe shi, sai a tone bayan girbi a goge da yashi. Gorar roba mai lita ɗaya da rabi da aka huda da allura wuri biyu ko uku kusa da gindi tana yin makamancin wannan aiki ga shuka guda.

Ana ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, ba a kan ganye ba. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasa: idan gaɓa ta biyu ta ji danshi a dakata.

Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk suna da kyau ga fangali. Gida mai mutane da yawa da ya ajiye baho a wurin alwala yakan tara abin da zai riƙe fangali guda. Ruwan wanki mai garin sabulu, ko wanda aka sa wa kanwa, yana tara gishiri, ƙasa ta yi farin ɓawo ta daina shan ruwa, bakin ganye ya ƙone. Irin wannan ruwa a kai shi gindin babban bedi (dogon yaro), shi ma ba kullum ba. Fangalin da ya riga ya yi ɓawo a kankare samansa, a buɗe kunyarsa da damina ruwan sama ya wanke shi.

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 20, idan aka yi ruwa mai milimita 30, yana zubo lita 600, gangar lita 200 uku ke nan. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu kafin a tara ganga. Na indararon soro da laka yake zuwa, sai ya kwanta. Ganga a rufe take zama, domin sauro na kammala girma cikin mako guda zuwa kwana goma.

Iri da dashe

Tumatir ana yafa shi a gadon reno cikin Oktoba, zurfin santimita 1, a dasa bayan kwana 25 zuwa 30 idan ya yi ganye huɗu ko biyar, da tazarar santimita 40 zuwa 50. Salati mako uku a reno, tazara santimita 25. Albasar Galmi na yin kwana 40 zuwa 50 kafin dashe, tazara santimita 10 zuwa 15. Karoti ba ya son dashe, a layi ake shuka shi a rage shi zuwa santimita 5. Kuɓewa a jiƙa irinta ta kwana. Dashe da yamma ake yi, a kafa wa dashen inuwar kara kwana uku.

Abin da ke ɓata lambu

Awaki da kaji sun fi kowane ƙwaro ɓarna, maganinsu darnin karan gero ko waya. Ƙadangare da tsuntsaye na cinye tsiro, sai a lulluɓe gadon reno da tsohon gidan sauro.

Furen tumatir na zuba idan zafin rana ya wuce digiri 35 dare ma bai yi sanyi ba, don haka wanda ya dasa a Fabrairu ganye zai samu. Baƙin tabo a gindin ƴaƴa yana zuwa ne daga ban ruwa na yau da yawa gobe babu. Salati na yin ɗaci ya miƙe kara da shigowar zafi. Shukar da ke yaushi da rana alhali ƙasa na da danshi, a tuge ɗaya a duba: ƙulle-ƙulle a saiwa alamar tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, wadda ke son rairayi. A daina sa tumatir da kuɓewa a wurin, a sa albasa, ko a jiƙa fangalin a rufe shi da farar leda mako huɗu zuwa shida cikin Afrilu da Mayu rana ta dafa shi. Tumatirin da ganyensa ya nannaɗe ya tsumbure cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa. Ba ta warkewa, a tuge shi.

Ga tsutsar ganye da ɗarɓa, a daka busassun ƴaƴan bedi rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, mako-mako. Rana na kashe ƙarfinsa, ba a ajiye shi ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Itatuwa

Zogale shi ne itacen da ya fi biyan ruwansa: iri na tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma idan aka sare kansa a tsayin mita ɗaya yana yin rassa ganye ya zo daidai hannu. Lemun tsami, rumman, gwaba da lalle suna zama a tsakar gida a rami mai faɗi da zurfin santimita 60. Gwanda na son ruwa fiye da abin da yawancin gidajen birni za su iya ba ta. Bedi da mangwaro a sa su mita huɗu ko biyar daga katanga da ramin masai, saboda saiwarsu na bin danshi ta tsaga gini. Cikin Mayu a sare reshen da ya hau kan soro, a share ganyen da ya taru a bakin indararo da rariyar tsakar gida, a jera duwatsu inda ruwan indararo ke faɗuwa don kada ya haƙe gindin katanga.