Kafin a fara maganin ciwon daji: tambayoyi kan raɗaɗi da zaman jira

Tsakanin ranar da likita ya ce ciwon daji ne da ranar da za a fara magani, akwai wani lokaci da ba a cika magana a kansa ba. Wani ya yi makonni, wani watanni. Ana jiran sakamakon gwaji, ana jiran layin tiyata ko na gashi (wato ƙona dajin da hasken inji), ana ta fafutukar haɗa kuɗi, ciwo kuma yana nan yana cin mutum dare da rana. Ga tambayoyin da marasa lafiya da masu jinyarsu suka fi yi a wannan tsakanin.

Me ya sa ba a fara magani nan take?

Wani jinkirin dole ne. Sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji kafin a san irin dajin, sannan a yi hoto a ga ko ya bazu. A sankarar mama akan ƙara wani gwajin da ke nuna ko sinadaran jikin mace ne ke ciyar da ƙarin, domin da shi ake zaɓar magani.

Wani jinkirin kuwa na rashi ne kawai. Najeriya na samun sababbin masu ciwon daji fiye da 120,000 a shekara, injinan gashi kuma ƙalilan ne. Mutumin Arewa yakan nufi Shika a Zariya, ko Abuja, ko Sakkwato, wani har Legas, in inji ɗaya ya lalace layi ya koma kan sauran. A Nijar sai a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a Yamai. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2020 ya nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari, gwargwadon irin dajin da irin maganin. Saboda haka kada a koma gida a naɗe hannu. A tambayi likita ƙarara: me ake jira, yaushe zai fito, wa za a tuntuɓa in bai fito ba? A tara takardu a jaka ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya. A kuma leƙa ofishin walwalar marasa lafiya a tambayi asusun tallafi na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021 don sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate).

Sai an fara maganin dajin ne ciwon zai lafa?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so kowa ya riƙe. Maganin daji daban, maganin raɗaɗi daban. Na farko yana iya jiran layi, na biyun ana iya fara shi yau, kuma ba ya ɓata gwaji ko tiyatar da ke tafe.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku. Ciwo mara tsanani, farasitamol ko irin su ibuprofen. In bai ji ba, a hau zuwa kodin ko tramadol. In ya yi tsanani, mofin. Wanda ya zo yana murƙususu ba sai an bi da shi hawa-hawa ba, ana iya kai shi na ukun kai tsaye. Da wannan tsari ana shawo kan ciwon mafi yawan masu daji.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne lokaci. Mun saba sai ciwo ya taso sannan a laluɓo magani. Ciwon daji mai zama ba a yi masa haka. Ana sha ne bisa agogo, ko da ciwon ya kwanta, domin kada ya samu damar dawowa. Ruwan mofin na sha, misali, bayan kowace awa huɗu ne: shida na safe, goma, biyu na rana, shida na yamma, goma na dare, biyu na dare. Likita kan ware wani ɗan ƙari na lokacin da ciwo ya kutso a tsakani. Mai jinya ya saita ƙararrawar waya, ya rubuta kowane sha a littafi.

Likita ya tambaye ni yaya jiki, na ce da sauƙi. Me ya kamata in ce?

"Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, a bar ta ga 'yan dubiya. A gaban likita dauriya da kunya cutarwa suke yi. Dattijuwa za ta kwana uku ba ta rintsa ba, a shiga ɗakin likita ta ce alhamdu lillahi, a sallame ta da farasitamol.

A nuna wurin da yatsa. A faɗi ƙarfinsa daga sifili zuwa goma. A faɗi abin da ya hana: barci, ruku'u, tafiya zuwa banɗaki. Sannan a kwatanta kamanninsa, domin maganin ya danganta da haka. Ciwo mai zugi ko nauyi daban yake da mai zafi kamar wuta, ko mai tsira kamar allura, ko mai fizga kamar lantarki. Waɗannan na ƙarshe sau da yawa jijiya ce ta taɓu, kuma sukan buƙaci ƙarin magani irin su amitriptyline ko gabapentin. Ciwon ƙashi kuwa wani lokaci gashi sau ɗaya tak yana kwantar da shi, kuma ya dace a tambaya ko za a iya yin wannan kafin babban layin ya zo.

An ce mofin na wanda ya kusa mutuwa ne, kuma yana kama mutum. Gaskiya ne?

Tsoron yana da tushe. Mun ga abin da tramadol da kodin suka yi wa matasa, har gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Amma shan ƙwaya don maye ba ɗaya yake da shan ta a kan ma'aunin likita don ciwo na gaske ba. Mai ciwon daji da ke sha bisa ƙa'ida da wuya ya zama ɗan ƙwaya, kuma in tiyata ko gashi suka rage ciwon, ana janye maganin a hankali. Ƙarfin ciwo ne ke sa a rubuta mofin, ba kusantowar ajali ba. A Yuganda tun shekarun 1990 ake ba marasa lafiya ruwan mofin su tafi da shi gida, daga 2004 ma doka ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman damar rubuta shi.

Yana da nasa matsalolin. Tashin zuciya da gyangyaɗi na kwanakin farko sukan wuce. Taurin bayan gida ba ya wucewa, don haka a nemi maganin sassauta ciki tun ranar farko, a yawaita ruwa, gwanda da miyar ganye. In mara lafiya ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya ja baya sosai, a garzaya asibiti. Kwalbar kuma a kulle ta, nesa da yara da samarin gida.

Ba kowane asibiti ke da shi ba. A tambayi sashen kula da rage raɗaɗi a asibitocin koyarwa. Wasu na gudun wannan sashe, wai na waɗanda aka fitar da rai da su ne. Wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka a 2010 kan masu sankarar huhu ya gano cewa waɗanda aka haɗa da sashen tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, har sun ɗan fi sauran daɗewa.

To in na sayi na kemis fa?

Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba, wato ƙwaya takwas masu 500, kuma ƙasa da haka ga mai ciwon hanta ko wanda ya rame ƙwarai. A lura, magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki. Ibuprofen da diclofenac suna iya ƙwaƙule ciki, su taɓa ƙoda, su sa zubar jini, kuma ba a haɗa biyun. Ƙullin ledar nan na ƙwayoyi kala-kala da ake cewa "a haɗa mini na ciwon jiki", a rabu da shi, domin babu wanda ya san abin da ke ciki. Haka tramadol ta bayan fage mai lamba 200 ko 225.

Ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Ba gara mu gwada na gida kafin lokacin ba?

Allurar gwaji da wuƙar tiyata ba su ne ke haukata daji ba. Abin da ke faruwa shi ne yawanci ba a zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfi, sai a ɗora laifin a kan aikin da aka yi daga ƙarshe. Sakiya, tsaga, ƙaho ko shafa abu mai ci a kan ƙari kuwa sukan buɗe gyambon da ba ya rufewa, har a ɗage tiyata saboda shi. Zuma da zogale a matsayin abinci babu laifi. Jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba ne abin tsoro: in suka taɓa hanta ko ƙoda, ranar da layi ya zo gwajin jini zai hana a fara magani. Duk abin da ake sha a gaya wa likita, ko da zai yi faɗa.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Sabon ciwon baya mai tsanani tare da raunin ƙafafu, ko dindiris, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida. Wannan na iya zama daji ne ya danne lakar baya, kuma awoyi kaɗan ke raba tafiya da shanyewa. Sai jini mai yawa, ƙuncin numfashi, kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, kumburin fuska da wuya, zazzaɓi mai zafi, aman da ba ya barin komai a ciki, ko ruɗewa tare da ƙishirwa mai yawa. Kowanne daga ciki, sashen gaggawa a ranar, ko da takardar ganin likita ta ce wata mai zuwa.

Abinci da aiki fa?

Jikin da zai ɗauki tiyata ko kemo (wato magungunan kashe ƙwayoyin daji) yana buƙatar tsoka. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, ƙwai, wake, kifi, fura da nonon da aka tabbatar da tsaftarsa. Barin tuwo da shinkafa wai don a kashe daji da yunwa, mara lafiyar yake kashewa. Tattaki a tsakar gida safe da yamma ya fi kwanciya wuni guda, mai shan taba kuma ya daina tun yanzu. Wanda zai iya fita kasuwa ko ofis rabin yini ya fita. A dai ajiye aiki mai nauyi a sa'ar da magani ya fi kama jiki.

Gyambon dajin yana wari, har mara lafiyar ta daina fitowa cikin mutane.

A wanke shi a hankali da ruwan da aka tafasa ya huce, da ɗan gishiri. A tambayi ma'aikaciyar jinya game da Flagyl: ana niƙa ƙwayar a barbaɗa a kan gyambon, cikin 'yan kwanaki warin ya ragu sosai. In bandeji ya manne, a jiƙa shi kafin a cire. In canjin yana da zafi, a sha maganin ciwo rabin awa kafin a fara.

Ba na iya tsayuwa a salla, ga azumi na tafe.

Manzon Allah (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Inda ruwa zai cutar akwai taimama, kuma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwamen azumi. Mai shan magani bayan kowace awa huɗu yana cikin wannan rangwame. Shan maganin ciwo ba ya rage ladan haƙuri.

Mu gaya masa gaskiya, ko mu ɓoye?

Yawancin marasa lafiya sun riga sun gane, suna shiru ne don kada su tayar wa iyali hankali, iyali ma suna shiru saboda su. A tambaye shi: "Baba, kana so likita ya yi maka bayani da kanka, ko mu ji mu gaya maka?" Abin da ya zaɓa a bi. Yara a gaya musu daidai hankalinsu, a tabbatar musu ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. 'Yan dubiya kuma a sa musu lokaci, a samu mutum ɗaya mai amsa waya, kuma mai labarin wance da irin ciwon ya kashe a tare shi tun daga zaure. Jinya a raba ta: wani kwana, wani rakiya asibiti, wani karɓo magani. In rashin barci, kuka ko fargaba suka wuce mako biyu ba sassauci, ko ga mara lafiya ko ga mai jinya, a faɗa wa likita, domin su ma ana maganinsu.