Gahawa Ba Za Ta Buɗe Maka Hanyar Fitsari Ba

Kwanakin baya aka shigo mana asibiti da wani dattijo da tsakar dare, ya dafe mara da hannu biyu, gumi na tsiyaya masa, fitsari ya ƙi fita tun la'asar. Sai da muka sa masa roba ya samu numfashi. Da gari ya waye na ce, "Baba, tun yaushe abin ya fara?" Ya ce ya fi shekara yana tashi sau huɗu sau biyar kowane dare. Me ya hana ka zuwa? Wai ya ji an ce gahawa tana kare furostet, wato wani ɗan ƙullutu da maza ke da shi a ƙasan mafitsara, shi ne ya ƙara yawan wadda yake sha.

Ba shi ne na farko ba, kuma wallahi na gaji da jin wannan magana.

Maganar tana da tushe. A 2011 masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar maza kusan 48,000 na tsawon shekaru, suka ga waɗanda ke shan kofi shida na gahawa ko fiye a rana sun fi ƙarancin kamuwa da sankarar furostet mai kisa. Har gahawar da aka cire wa sinadarin kafeyin ta nuna haka. A 2016 kuma hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire gahawa daga jerin abubuwan da ake zargin suna jawo sankara. To, amma a kan masu lafiya aka yi wannan lissafi. Babu wanda ya ce gahawa tana warkar da furostet da ya riga ya kumbura.

Idan furostet ya kumbura, matse hanyar fitsari yake yi, domin a ƙasan mafitsara yake, ya zagaye bututun. Kafeyin kuwa ƙara yawan fitsari yake, ya kuma tsokani mafitsara. Ka ga an ƙara ruwa, ƙofa kuma ta tsuke. Sai ka sha da yamma, ka kwana kana zarya, gari ya waye ba ƙarfi, ka sake ɗora wani kofin don ka wartsake. Haka ake ta yi wata da watanni, ana ɓoyewa, ko matar gida ba a faɗa wa. Fitsarin da ke taruwa yana iya komawa ya taɓa ƙoda. Sankarar furostet kuma da farko sau da yawa shiru take yi, ba ciwo ba alama.

Iyayena maza, kunyar me? Fitsari ne fa. Mun ji irin wannan koke ya fi a ƙirga, ba mu taɓa yi wa kowa dariya ba. Ku daina mayar da gahawa magani kuna zaune a gida!

Idan fitsari na fita da kyar, ko yana ɗiga, ko kana yawan tashi da dare, ka zo a duba ka. Ka rage gahawa, daga azahar kuma ka bar ta. Mai lafiya kada ya wuce kofi huɗu a rana. Ka kai shekara 50, ka tambayi likita gwajin jini na PSA, wanda ake yi don neman alamar sankarar furostet. Baƙar fata ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, tun 45. Jini a fitsari, ko fitsari ya tsaya cak, a daren nan za a kawo ka asibiti, kada a jira safiya.