Waiwaye: Yadda ruwan teku da ɗanyen mai suka tara masana sinadarai wuri guda a Saudiyya

Jidda ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin teku tana fama da ƙishirwa. Babu kogi, ruwan sama bai taka kara ya karya ba, rijiyoyin da ke kusa da gaɓa kuwa zartsi ne. A 1907, zamanin mulkin Turkawa, aka kafa injin da mutanen garin ke kira kindasa. Ana hura masa wuta da kwal, ya tafasa ruwan Bahar Maliya, a kama tururin a sanyaya shi ya koma ruwan sha. A 1928 Sarki Abdul'aziz ya sa aka kawo wasu injinan guda 2. 'Yan ga-ruwa, waɗanda akwai mutanen Afirka ta Yamma da dama a cikinsu, su ke bi gida-gida da garwa biyu rataye a sanda. Ma'aunin ingancin ruwa a wancan zamani harshe ne da ido.

Ta nan ya kamata a faro tarihin ƙungiyoyin masana sinadarai a ƙasar nan, domin aikin ya riga ƙungiya zuwa da fiye da shekara 50. An samu mai a rijiya ta 7 ta Dammam a watan Maris na 1938, babbar matatar Ras Tanura ta fara aiki a 1945. Mai sayen ɗanyen mai ba ya biya sai ya san nauyinsa, da yawan ruwa da lakar da ke ciki, da gishirinsa, da farar wutarsa, wadda a samfurin Arab Light take kusan kashi 2 cikin 100. Waɗannan awo-awon su suka haifar da ɗakunan gwaji na farko, kuma galibi baƙi ne ke riƙe da su. 'Yan ƙasa sun biyo baya ne ta hanyar jami'o'i: ta Riyad, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sarki Sa'ud, a 1957, Kwalejin Man Fetur da Ma'adinai ta Dahran a 1963, sai Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda a 1967.

Shekarun 1970 ne suka sauya komai. Cikin ɗan lokaci aka kafa hukumar ƙayyade ingancin kaya a 1972, hukumar tace ruwan gishiri a 1974, hukumar raya Jubail da Yanbu a 1975, da kamfanin sarrafa sinadarai na SABIC a 1976. Kowace tana neman mai awo, ga shi kuma matsalolin da ke gabansu ba irin waɗanda littattafan Turai suka gama warwarewa ba ne. Ruwan Bahar Maliya yana ɗauke da gishiri kusan giram 40 a lita, na Tekun Fasha ya fi haka, alhali yawancin tekunan duniya giram 35 ne. Manyan masana'antun tahliya, wato na cire gishiri daga ruwan teku, na lokacin tafasa ruwa suke yi su bi da shi ta jerin ɗakuna masu raguwar matsi, yana ƙafewa kashi-kashi. Idan aka ɗaga zafi an fi samun ruwa, sai dai kalsiyam kabonet da magniziyam haidoroksaid suna daskarewa a jikin bututu kamar ƙanzo a gindin tukunya, su hana zafi ratsawa. Maganin folifosfet da aka fara amfani da shi yana lalacewa da an wuce digiri 90. Zuba asid yana ba da damar hawa sama da haka, amma in hannu ya ɗan zarce sai ya ci ƙarfen. Sai da aka samu magungunan folima aka iya zama a wajen digiri 110 hankali kwance, saman haka da kaɗan kuma kalsiyam salfet ke jira, wanda wankin asid ba ya cire shi cikin sauƙi.

Ruwan da ke fitowa daga irin wannan injin shi ma da tasa rigimar. Ya yi tsarkin da ba ya shayuwa da daɗi, kuma yana cin bututu da siminti. Dole a mayar masa da ma'adinai, a sa masa laim da iskar kabon, a daidaita pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, ya ɗan haura 8, sannan a tura shi tafiyar fiye da kilomita 400 daga Jubail zuwa Riyad, ko wadda ba ta kai haka ba daga Shu'aiba zuwa Makka da Ɗa'if. Da aka koma tacewa ta tantani, inda ake matsa ruwan teku da ƙarfin da ya ninka matsin iska kusan sau 55 zuwa 70, sai sabon kaidi ya ɓullo: kulorin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta yana kassara tantanin foliyamaid, don haka sai an kashe shi da sodiyam metabaisalfait kafin ruwan ya isa wurin. Masanin da ya gano bakin zaren irin wannan matsala a Jubail ba shi da hanyar sanar da takwaransa na Yanbu, in ba su haɗu a wani taro a Turai ba.

A ƙarshen shekarun 1980 aka samu ƙungiyoyi biyu, kowace da halinta. Ta farko ita ce Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Saudiyya, mai mazauni a Jami'ar Sarki Sa'ud. Tsarin ƙasar ya sa irin waɗannan ƙungiyoyi na ilmi a ƙarƙashin jami'a suke zama, da babban taron mambobi mai zaɓen majalisar gudanarwa, da mambobi iri uku: cikakke mai ƙuri'a, da na raɓe, da na girmamawa. Saboda haka tun daga tushe jininta na malaman jami'a ne. Ta fara fitar da mujallarta, Journal of Saudi Chemical Society, a 1997, sannan Arabian Journal of Chemistry ta biyo a 2008, dukansu da Turanci. Ƙungiya ta biyun a Dahran ta tsiro, cikin ma'aikatan kamfanin mai na Aramco da malaman Jami'ar Sarki Fahad, wato tsohuwar Kwalejin Man Fetur da Ma'adinai, a matsayin reshen ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, kuma tana cikin rassan farko da uwar ƙungiyar ta amince da su a wajen ƙasarta. Ita al'adarta liyafar dare ce da lacca: a ci abinci, wani ya tashi ya yi bayani a kan matatar mai ko tsatsar bututu, a yi tambayoyi, a yi musayar lambar waya. Babban taronta, ChemIndix, an sha yin sa a Bahrain, wadda gadar Sarki Fahad ta haɗa da gabashin ƙasar tun 1986.

Mujallu da manyan tarurruka su ne ke shiga labarai, kuma sun ɗaga sunan ƙasar, ba a musun wannan. Amma a ganinmu amfanin da ya fi taɓa rayuwar jama'a yana cikin ƙananan bitoci na kwana biyu ko uku da ake shirya wa ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda ba kasafai ake ɗaukar hotonsu ba. Dalili kuwa shi ne tsohuwar cutar sana'ar nan: a raba ruwa ɗaya kwalba biyu, a kai ɗakunan gwaji biyu, a dawo da lambobi biyu.

Ba kasafai laifin yake na na'ura mai tsada ba. Ana gane gishirin ruwa ta auna yadda yake ɗaukar lantarki, wannan kuwa yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri na zafi. Samfurin da aka ɗebo daga tankin saman bene yana digiri 35, aka auna shi ba tare da an mayar da lissafin kan digiri 25 ba, zai nuna ƙarin kusan kashi 20 na ƙarya. Shi ya sa ake fara duba na'urar da ruwan fotasiyam kuloraid da aka san lambarsa, 1413 a digiri 25. Na'urar pH ana saita ta da ruwan saiti na 4 da 7 da 10, amma na 10 ɗin yana shan iskar kabon duk lokacin da aka buɗe kwalbar, lambarsa tana sauka a hankali, mai aiki bai sani ba. Ragowar kulorin a bakin famfo ake auna shi, cikin minti 15, a karanta launin hodar DPD, mai nuna yawan kulorin, nan take. Wanda ya ɗora kwalba a bayan mota ya ratsa Jidda da azahar, abin da zai auna a ofis ba shi ya ɗebo ba. Samfurin gwajin ƙarafa kuma sai an ɗiga masa asid na naitirik pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin kwalba, sakamako ya fito fes alhali ruwan ba fes yake ba.

Hanyar kama irin wannan kuskure ita ce gwajin ƙwarewa, wanda ma'aunin ISO/IEC 17025 ya sa ɗakunan gwaji masu neman shaidar inganci suka rungume shi. Ana aika samfur iri ɗaya ga ɗakuna da yawa, kowa ya auna a ɓoye ya tura lambarsa. Sai a cire lambar da aka tabbatar daga taka, a raba da faɗin saɓanin da aka yarda da shi. A ce kuloraid ɗin miligiram 250 ne a lita, faɗin saɓani 10, kai kuma ka kawo 285: makinka 3.5. Daga 2 zuwa ƙasa lafiya lau, tsakanin 2 da 3 gargaɗi ne, daga 3 zuwa sama sai an rubuta bincike da gyara. In an bi diddigi a irin wannan misali, sau da yawa za a tarar ruwan silba naitiret da ake awon da shi an ajiye shi a farar kwalba kusa da taga, haske ya rage masa ƙarfi, aka zuba fiye da kima kafin launi ya juya daga rawaya zuwa jan bulo. Ƙungiya ba ta ba da shaidar inganci. Wannan aikin cibiyar gwamnati ne da aka kafa a 2019. Abin da ƙungiya ke bayarwa shi ne zauren da ma'aikaci zai faɗi cewa makinsa ya faɗi, wani ya ce masa duba kwalbarka.

Batun buromet ya nuna yadda ilmin yake tafiya daga zauren lacca zuwa kwalbar da ke kan tabarma. Ruwan teku yana da buromaid kusan miligiram 65 a lita, ɗan kaɗan yakan tsallake tacewa, ruwan rijiyoyi ma yakan ƙunshe shi. Shi kansa ba abin tsoro ba ne. Amma masu cika ruwan roba suna son iskar ozon saboda ba ta barin wari, ita kuwa tana mayar da buromaid buromet, wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa maikirogiram 25 a lita a 1993, ta rage zuwa 10 a 2004, shekarar da aka janye ruwan Dasani daga kasuwar Ingila a kan wannan dalili. Auna wannan adadi, wato kashi 10 cikin biliyan, a ruwan da kuloraid ya yi wa yawa ba wasa ba ne, domin alamar kuloraid tana iya danne ta buromet a na'urar rarrabe ayon. Akan bi da samfurin ta matatar azurfa don cire kuloraid, kuma tun wurin ɗiba akan sa masa etilindayamin miligiram 50 a lita don kada buromet ya ci gaba da haɗuwa a cikin kwalba. A masana'anta kuma maganin shi ne rage yawan ozon da tsawon zamansa a ruwa, da ɗan sauke pH. Hukumar abinci da magunguna da aka kafa a 2003 ita ke bibiyar ruwan roba a yau.

Ina Hausawa a wannan tafiya? Kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan gidajen da suka daɗe a Hijaz, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, masu sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi, waɗanda yaransu ke karanta kemistiri a Ummul Ƙura da Jami'ar Sarki Abdul'aziz da Ɗaiba. Akwai kuma ɗaliban Najeriya da ke zuwa digiri na biyu da na uku, musamman a Dahran, da kuma KAUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Sarki Abdullah, da aka buɗe a Suwal a 2009. Na Dahran ƙofar reshen ƙungiyar Amurka da ke can a buɗe take gare su, kuma ɗalibin da ya tsaya gaban allon bincikensa a irin taron nan yakan yi magana kai tsaye da injiniyoyin da wata rana za su duba takardar neman aikinsa. Na Hijaz su ne nisa ya fi cuta: Riyad kusan kilomita 950 take daga Jidda, Dahran ta fi 1,300. Laccocin intanet da suka yawaita tun 2020 sun rage wannan gibi, ko da yake ba a koyon riƙe bututun awo ta allon waya. Gasar kemistiri ta ɗaliban sakandaren duniya karo na 56 da aka yi a Riyad a watan Yuli na 2024 ta jawo hankalin iyaye da yawa ga fannin, haka ma kyautar Nobel ta 2025 da Umar Yaghi, wanda aka ba takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya a 2021, ya samu tare da wasu masana 2. Matashi dai ya sani katin ƙungiya ba lasisin aiki ba ne. Mai son ɗakin gwajin asibiti sai ya bi ta hukumar rajistar ma'aikatan lafiya.

Fannin da ƙwararrunmu za su iya cikewa da kansu shi ne wayar da kai da Hausa. Faɗakarwar da ake yi a makarantu da manyan kantuna da Larabci da Turanci take, alhali a unguwannin Makka da Jidda akwai dattawa da mata masu aikatau da Hausa ta fi shiga kunnensu, kuma su ne ke riƙe da kwalaben wanki kullum. Haɗa ruwan bilic da ruwan wanke banɗaki mai asid yana fitar da iskar kulorin, wadda a rufaffen banɗaki take shaƙe mutum cikin mintoci. Tankin ƙasa da motar wayit, wato tankar ruwa, ke cikawa yana rasa kulorinsa da sauri a lokacin zafi, yana buƙatar murfi mai kyau da wanki a kai a kai, da nisa daga ramin bahaya. Mafi muni shi ne ƙwayar aluminiyam fosfaid, maganin rumbun hatsi da wasu ke sayowa a ɓoye don kashe kuɗin cizo. Da ta sha danshin iska sai ta saki iskar fosfin, giram 1 daga ƙwaya mai giram 3, ta bi ramukan bututu da na iyakwandishan ta shiga gidan maƙwabci, inda yara ke fara amai da ciwon ƙirji a ɗauka gubar abinci ce. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a Jidda, kuma ba ta da makari. Wanda ya ji wari mai kama da tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi bayan maƙwabci ya rufe gidansa ya yi tafiya, ya fitar da iyalinsa waje tukuna, sannan ya kira 911 ko 998.