Eguisheim

Eguisheim ƙauye ne na manoman inabi a yankin Alsace, gabashin Faransa, kusa da iyakar Jamus. Yana da tazarar kimanin kilomita 7 kudu maso yamma da birnin Colmar, mazaunansa kuma ba su kai 2,000 ba. A nan ake danganta haihuwar Paparoma Leo na Tara a 1002, wanda ya riƙe muƙamin daga 1049 zuwa 1054. A 2013 masu kallon talabijin a Faransa suka zaɓe shi ƙauyen da ya fi kwanta musu a rai.

An gina garin ne zobe cikin zobe, titunansa na kewaye da tsohuwar fada mai kusurwa takwas. Wanda ya bi titin Rempart zai zagaya ya dawo inda ya fara cikin ƙasa da awa ɗaya. Titin ƙunci gare shi, daɓensa na duwatsu ne, gidajen kuma masu gicciyen katako a jikin bango, an shafe su da shuɗi da rawaya da ja, furanni na zubowa daga tagogi. A saman rufin gine-gine akwai manyan sheƙun farar shamuwa, wadda wasu daga cikinta ke ƙaura zuwa yankin Sahel idan sanyi ya shigo.

Tsaunukan Vosges da ke yamma suna tare gajimare, shi ya sa ruwan saman yankin Colmar ba ya wuce kimanin milimita 600 a shekara. Wannan ƙarancin ruwa da yawan rana ne ke nunar da inabi irin su Riesling da Gewurztraminer a gangaren Eichberg da Pfersigberg, gonaki biyu masu babban matsayi wajen giyar inabi. Ƙauyen na kan Hanyar Giyar Alsace, hanyar yawon buɗe ido da ke ratsa ƙauyukan manoman inabi, mai tsawon kilomita 170, wadda aka buɗe a 1953. Can bisa tudu kuma ga kufan hasumiyoyi uku da aka ƙone a 1466. Daga nan ana hango kwarin kogin Rhin gaba ɗaya.

Abincin yankin mai nauyi ne, kuma baƙo Musulmi sai ya yi tambaya kafin ya ci, domin naman alade da giya sun ratsa girkin. Choucroute kabeji ne da aka yayyanka aka tsima da gishiri, ana dafa shi da farar giya a ɗora masa tsiran alade. Akwai na kifi, amma sau da yawa miyarsa ma da giya ake haɗa ta. Baeckeoffe dankalin turawa ne da naman rago da na sa da na alade, a jiƙa naman cikin giya ya kwana, a gasa sa'o'i cikin kaskon yumɓu. Wanda ya fi sauƙin gyarawa shi ne tarte flambée: ƙullin fulawa ne siriri, a shafa masa kirim da farin cuku, a barbaɗa albasa da gutsattsarin alade, a gasa 'yan mintuna a murhu mai zafi sosai. Tunda sai an yi oda ake haɗa shi, ana iya cewa a yi shi "sans lardons", wato ban da aladen. Cukun Munster warinsa ya fi ɗanɗanonsa ƙarfi. Burodin kougelhopf mai busasshen inabi yana da daɗi da shayi, sai dai wasu kan jiƙa inabin cikin barasa. A kaka ana samun ruwan inabi zalla. Amma wanda ake kira "vin nouveau" ya riga ya fara tsima.

Jirgin ƙasa ba ya tsayawa a ƙauyen. Ana sauka Colmar, sannan a hau tasi ko bas ko keken haya. Bas ɗin ƙalilan ne. Gidajen abinci yawanci daga 12 zuwa 2 na rana suke girki, sai kuma 7 na yamma, wanda ya makara haƙuri zai ci. Satumba da Oktoba, lokacin tsinkar inabi, su ne suka fi dacewa da ziyara. Bikin manoman inabi a ƙarshen Agusta da kasuwar Kirsimeti a Disamba kan cika garin maƙil, don haka a kama masauki tun da wuri.