Farashin canji a manhajar lissafi: tambayoyin da ake ta maimaita min

Na shigar da dala 500, manhaja ta nuna bai kai naira ɗaya ba. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau, kai ka juya lissafin. Inda ake son dala ɗaya naira nawa ce, ka sa naira ɗaya dala nawa ce. Karanta rubutun da ke gefen akwatin kafin ka danna.

Na rubuta 1,500 ta koma ɗaya da rabi.

Kwamfutarka a tsarin Faransanci take, inda waƙafi ke zaman ɗigo. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku wannan ya fi kamawa. Rubuta 1500 kawai.

Na kunna tsarin kuɗaɗen waje a manhajar QuickBooks, ina son kashewa.

Ba a iya kashe shi. An gargaɗe ka kafin ka kunna, ba ka karanta ba.

Wane farashi zan sa, na Babban Banki ko na 'yan canji?

To, nan sai a yi a hankali. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa kan kuɗaɗen waje, IAS 21, ta ce a rubuta ciniki da farashin ranar da aka yi shi. Amma wane farashin ranar? In a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ka sayi dalar ka biya mai kaya, abin da ya fita daga aljihunka shi ne gaskiya, kuma ni shi zan sa a kan biyan, muddin kana da rasit ko shaidar tura kuɗi. Takardar cinikin da ba a biya ba tukuna, da bashin da ake sake ƙimantawa a ƙarshen shekara, galibi odita, wato mai binciken lissafi, farashin hukuma yake so. Na ce galibi. Kafin Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya haɗe kasuwannin canji, tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na 'yan canji ta yi yawa har zaɓin yana iya mai da riba asara. In tsofaffin littattafai kake gyarawa, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Zauna da oditanka, ku tsayar da hanya ɗaya, ku rubuta, ka daina tsalle tsakanin biyun duk wata.

Ga wata "asarar canji" ta fito, alhali ba a taɓa kuɗina ba.

Kwantar da hankalinka, ba sata ba ce. Ka ɗauki kaya dala tana 1,400, ka biya tana 1,500, bambancin ne manhaja ta ware. Kada ka goge.

Sefa da yuro fa?

Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Sa shi yadda yake, ban da cikewa zuwa 656.

In gyara farashin yau, zai gyara cinikin watan jiya?

A'a. Kowane ciniki da farashinsa yake tafiya, sai ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kuma don Allah, watan da aka riga aka rufe aka kai wa masu haraji, kada ka taɓa shi. Shigar da gyaran a watan da kake ciki.