Yawan ɗigon hoto a manyan talabijin masu araha

Yawan ɗigon hoto shi ne adadin ƙananan ɗigogin haske, waɗanda ake kira fiksel, da ke jere a fuskar talabijin. Su ne ke haɗuwa su ba da hoton da ido ke gani. Ana rubuta shi da lambobi biyu: 1920×1080 na nufin ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama, 1,080 kuma daga sama zuwa ƙasa. Girman talabijin wani abu ne daban, ana auna shi da inci daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Talabijin biyu na iya zama inci 50 dukansu, amma ɗaya ya ninka ɗayan ɗigo kusan sau takwas. A shagunan kayan wuta na Maraɗi, inda ake kiran duk wata tele mai faɗin fuska "plasma", ciniki ya fi tsayawa kan inci da farashi, ɗigo kuma sai wanda ya tambaya.

Matakan da ake samu

Mafi ƙanƙanta shi ne wanda ake rubuta wa HD Ready, yawanci 1366×768, wato ɗigo miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya. Sai Full HD mai 1920×1080, ɗigo 2,073,600. Na sama da shi 4K ne, ko UHD, mai 3840×2160, ɗigo 8,294,400, ninki huɗu cif na Full HD. Akwai 8K mai 7680×4320, amma wannan ba ya cikin lissafin mai neman araha. Manyan kamfanoni irin su Samsung, LG, Hisense da TCL sun mayar da kusan duk sababbin talabijin ɗinsu na inci 50 zuwa sama 4K, Full HD kuma ya koma inci 40 zuwa 43. Inda zaɓi ke da wuya shi ne kayan da ba su da sanannen suna, da kuma na hannu, waɗanda ke shigowa ta hanyar Kano da Katsina zuwa Jibiya da Ɗan Isa, ko daga tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku.

Tazarar mai kallo

Idon mutum mai lafiya yana iya rarrabe abu biyu muddin tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digirin kusurwa. Daga nan ake fitar da nisan da ɗigogi ke narkewa su zama hoto guda. Tele mai inci 55 faɗinta kusan santimita 122 ne. Idan Full HD ce, kowane ɗigo bai wuce milimita 0.63 ba, wanda ya zauna nesa da mita 2.2 ba zai ƙara ganinsa ba. Idan 4K ce, sai mutum ya matso kamar mita ɗaya kafin ya ci cikakkiyar moriyar ƙarin ɗigon. A inci 65 lissafin ya koma mita 2.6 ga Full HD, mita 1.3 ga 4K.

Ke nan a falon da tele ke jikin bango, kujeru kuma mita uku daga gare ta, yara a tabarma a tsakani, bambancin 4K da Full HD a inci 55 kaɗan ne ƙwarai, yaran da ke gaba ne ma za su fi lura. A gidajen kallon ƙwallo, inda benci ke jere har bayan rumfa, girman allo da ƙarfin haskensa sun fi yawan ɗigo amfani nesa ba kusa ba.

Wanda lissafin ya kayar shi ne 1366×768 a babban allo. A inci 32 ba shi da laifi, ɗigonsa na ɓacewa daga mita 1.8. A inci 50 kuwa sai an kai kusan mita uku, kuma kafin nan rubutun ƙasan labarai yana fitowa da haƙora, fuskar mutum kamar an saƙa ta da zare. Duk arahar da aka yi wa irin wannan, ba ta kai ba.

Abin da ake ciyar da tele

Nan ne gizo ke saƙar. Talabijin ba ya ƙirƙirar abin da ba a aiko masa ba. Tsohon ma'aunin watsa hoto da aka gada tun zamanin SECAM da PAL layi 576 ne, wato 720×576 a tsarin dijital, ɗigo 414,720. Tashoshi da dama na kyauta da ake kamawa da parabol har yanzu a kansa suke. Idan aka ɗora wannan hoto kan allon 4K, kowane ɗigo na asali sai ya cike gurbin ashirin. Ƙwaƙwalwar tele ce ke yin wannan ciko ta hanyar kintace, kuma a nan ne mai tsada ta sha bamban da mai araha: ta farko tana gyara gefen abubuwa ta rage datti, ta biyu sau da yawa shimfiɗa hoton kawai take yi. Shi ya sa mutum kan ga tashar da ya saba kallo ta fi kyau a tsohuwar ƙaramar telensa fiye da sabuwar da ya kashe wa kuɗi.

Finafinan Hausa da na Indiya da ake turawa a kile ko memori wurin masu turi sun fi wannan muni, domin an matse su ne saboda waya. Fim mai 640×360 ɗigo 230,400 gare shi, a allon 4K kowane ɗaya zai cike gurbi 36. A tafin hannu yana fitowa tsaf, a bango sai ya zama dishi-dishi.

Dikodar HD irin ta Canal+ ko DStv tana fitar da hoto har layi 1080, wanda ya yi daidai da Full HD kuma yana zama lafiya a kan 4K, tunda kowane ɗigo gurbi huɗu yake cikewa ba saura. Sai dai sharaɗi ne a haɗa ta da wayar HDMI. Tsohuwar wayar nan kuwa mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar fiye da layi 576 komai kyan dikoda da tele, kuma gidaje da yawa da ita suke amfani ba tare da sanin asarar da suke yi ba. Ga mai son tashoshin gida irin su Télé Sahel da eriya, abin dubawa shi ne ko tele na da DVB-T2 a cikinta, tsarin da ƙasashen Afirka ta Yamma suka zaɓa bayan yarjejeniyar Janiba ta 2006, wadda ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari.

Ainihin hoton 4K galibi ta intanet ake samunsa. Netflix, dandalin kallon finafinai ta intanet, na neman gudun megabit 15 a daƙiƙa dominsa, yana kuma iya cin giga 7 a awa guda, alhali HD giga 3 ne. Ga wanda ke jona tele da datar wayarsa, fim ɗaya ya isa ya cinye abin da aka saya don sati.

Tambarin bogi

Rubutun jikin kwali ba hujja ba ne. Akwai talabijin da ke karɓar hoton 4K amma allonsa Full HD ne ko ƙasa da haka, sai ya rage hoton kafin ya nuna, a kuma manna masa 4K da manyan haruffa. Akwai kuma allon da ake kira RGBW, wanda aka cusa wa farin ɗigo a cikin jerin ja da kore da shuɗi, haske ya ƙaru amma kaifin launi ya ragu. Alamar HDR, mai nufin ƙarin bambanci tsakanin haske da duhu a hoto, ita ma haka take: idan fitilar bayan allo ba ta da ƙarfi, sunan kawai ake saye.

Hanyar gwaji ba ta da wuya. A karanta lambar samfurin da ke bayan tele a bincika ta a intanet, sannan a kusanto da kyamarar waya jikin allo a zuƙo, a kwatanta girman ɗigon da na wata sananniyar tele mai inci iri ɗaya. Bidiyon furanni da tsuntsaye da ake kunnawa a shago an shirya shi ne don ya burge, saboda haka gara mai saye ya zo da kilensa da irin abin da zai riƙa kallo a gida, ya ce wa mai shago: "Alhaji, a sa mini wannan in gani." Mai son wasannin kwamfuta ya tabbata akwai HDMI 2.0, domin tsohon HDMI 1.4 ba ya wuce hoto 30 a daƙiƙa a 4K.

Wuta

Girman allo da haskensa su ke jan wuta fiye da yawan ɗigo. Mai inci 55 takan ci kusan ninki biyu na mai inci 32, abin da masu sola da batir ke sakawa a lissafi tun kafin su je kasuwa. Hawa da saukar wuta, da zafin bazara da kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, fitilun bayan allo da allon wutar tele suke fara taɓawa, don haka masu gyara ke ba da shawarar a ware kuɗin sitabilaiza a cikin kuɗin tele, a kuma bar tazara tsakaninta da bango don iska.